Duba kan tsutsar da gindinta kafin ka sayi magani

Ka tambaye ni yadda za ka gane ko tsutsar da ke cin masarar gonarku ita ce baƙuwar nan da ake ta kuka da ita, wadda a Turance ake kira fall armyworm, ko kuwa tsutsar kara ce da muka sani tun da can. To, ɗana, ajiye kuɗin maganin tukuna, ka koma gonar da sassafe.

Ka fara da ganye. Idan baƙin tsutsotsin nan ƙanana ne, ba sa huda ganye, kankare shi suke yi su bar fata shara-shara, har kana hango haske ta ciki. In sun yi girma sai ka ga ganyen ya yayyage, ramukan ba su da tsari. Tsutsar kara kuwa sau da yawa hujinta ƙanana ne a jere, don ta huda ganyen tun yana naɗe, daga nan ta nutse cikin kara, sai ka ga tsakiyar shukar ta bushe.

Sai ka leƙa cikin kan masarar, inda sabon ganye ke fitowa. Idan ka tarar da kashi jibge kamar garin katako, mai ɗanshi-ɗanshi, to tana ciki tana hutun rana, da dare take aiki. Buɗe a hankali ka zaro ta, ka ɗora a tafin hannu. Kada launinta ya ruɗe ka, akwai kore, akwai ruwan ƙasa, akwai mai duhu sosai. Kai dai duba goshinta, za ka ga wani zane fari-fari kamar harafin Y na boko an kifa shi. Sannan ka juya wajen gindi, gaɓa ta biyu daga ƙarshe akwai ɗigo huɗu baƙaƙe, biyu gaba biyu baya, sun yi murabba'i. In ka ga waɗannan alamu biyu, ita ce, ba sai ka tambayi kowa ba. Manyan kuma da wuya ka samu fiye da ɗaya ko biyu a kai guda, don cin junansu suke yi.

Asalinta daga nahiyar Amurka take, a 2016 aka fara ganinta a Najeriya, shi ya sa tsofaffinmu ba su bar mana sunanta ba. Uwarta wani irin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, tana zuba ƙwai dunƙule, 100 zuwa 200, galibi a bayan ganye, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi. Ka gan su, murtsuke su nan take. Lokacin zafi, mako biyu ya ishi tsutsar ta gama ci ta sauka cikin ƙasa ta rikiɗa, saboda haka mai zuwa gona sau ɗaya a wata kullum a makare yake.

Kada ka tsaya bakin gona ka yanke hukunci. Ratsa ta a karkace, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba shuka goma. In kaɗan ne suka kamu, hannu ya isa, ko ka barbaɗa toka da yashi cikin kan, ko ruwan ƴaƴan darbejiya da aka daka aka jiƙa. In abin ya yi yawa har sai an yi feshi, to da yamma liƙis ko da asuba, bakin famfon ya nufi cikin kan masarar kai tsaye. Masu feshi da tsakar rana a kan ganye asarar kuɗinsu kawai suke yi, tsutsar tana ciki ba abin da ya taɓa ta. Wajen feshi ka rufe hancinka, ka kuma rufe hannuwanka, kuma in da dawa a gefen gonar ka leƙa ta ita ma, don tana cin ta.