Baffa, kada ku biya kuɗi a kan hoton gini

Assalamu alaikum. Baffa, na ga tambayarku, na so in wuce amma zuciya ta ƙi. Kun ce yaronku ya kafe sai karatun fim a nan Saudiyya, jami'ar ta turo muku hoton gine-ginen da za ta yi wa sashen, da sutudiyo da ɗakin kallo, ta kuma ƙara kuɗin shekara, shi ne kuke neman shawara. Irin wannan hoton aka nuna wa mahaifiyata, da itatuwan dabino da ɗalibai suna dariya a kan ciyawa. Har na karɓi takardar kammalawa ban taka ƙafa cikin ginin ba.

Ba wai harkar ba ta da gaba ba ce. Tun da aka buɗe sinima a Riyad a Afrilun 2018, bayan fiye da shekara 30 a rufe, abin ya ci gaba: an kafa hukumar fina-finai a 2020, bikin fina-finai na Bahar Maliya ya fara a Jidda a Disambar 2021, a 2022 aka sanar za a riƙa mayar wa masu ɗaukar fim a ƙasar har kashi 40 cikin ɗari na abin da suka kashe. Shi ya sa kowace makaranta ke rige-rigen zuba siminti. Kada wani ya ce da jami'ar Effat ta Jidda nake, wadda ta fara nata sashen fim tun 2013 tare da jami'ar USC ta Amurka. Ba can na yi ba, tamu kuma ba zan kama sunanta ba.

Da aka fara tonon harsashi sai aka rushe ƙaramin ɗakin naɗar sautinmu, aka cusa mu cikin wani aji mai jingine da wurin aikin. Ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe makirufo, ko ƙarar na'urar sanyaya ɗaki sai an kashe, balle injin fasa kankare. Amma abin da har yau nake jin ɗacinsa shi ne mai kula da siton kayan aiki. Na rubuta sunana tun farkon zango, ya sa hannu, kyamara da fitilu na fim ɗin kammalawata. Na roƙi wani dattijon Bahaushe mai sayar da huluna a Makka ya fito mini a ciki, ya rufe tebur ɗinsa, ya biya kuɗin mota da aljihunsa, ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a a ninke cikin leda. Muka isa sito, mutumin nan ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce "bukra", wato gobe. Ashe ya ba masu tallan jami'a kyamarar su ɗauki manyan baƙi suna zagaya ginin da hulunan kwano. Tsohon nan ya wuni a kan kujerar roba, tun hantsi har la'asar, shi ke ma ba ni haƙuri yana cewa komai nufin Allah ne. Da na koma na ce ga sa hannunka, sai ya ce in ban ji daɗi ba ƙasarmu ai akwai makarantu. A gaban ɗalibai ya faɗa. Ni da aka haifa a Jidda! Daga baya na samu kyamarar, amma rabin maganar tsohon guduma ta cinye, malamin kuma ya rage mini maki wai sautina ba shi da tsabta.

Don haka Baffa, ku je da ƙafarku ranar karatu, ba ranar da suka gayyaci iyaye ba. Ku tsaya ƙofar sito ku tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe kyamara nawa ke aiki, mutum nawa ke layi. Kwamfutocin tace fim ma ku leƙa, mu har dare muke jiran juna. Ranar gama ginin su rubuta muku a takarda, in sun ce "insha Allah ƙariban", wato nan ba da jimawa ba, kun ji amsarku.

Maganar iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa kada ku manta da ita. Riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinku ba wasa ba ne, ga kuɗin makaranta a sama, kuma tallafi da dama na 'yan ƙasa ne kawai. Asusun bikin Bahar Maliya dai yana karɓar ayyukan 'yan Afirka, yaron ya sa ido a kai. Ya kuma daina jin kunyar Hausarsa kamar yadda wasu yaranmu ke yi, labaranmu na unguwannin Karantina da Sabil a Jidda ba wanda zai ba da su sai mu.

In yana da waya mai kyau, ku ce ya ɗauki fim na minti biyar ya turo mini ta akwatin saƙo, zan saurara in gaya masa gaskiya. Makirufo na rataye a riga kuma ya saya nasa tun yanzu, kada ya dogara da na sito.