Ina son nazarin asalin harsuna, amma a gida an ce ba shi da makoma

Tambaya: Malam, na kammala digirin farko a kimiyyar harshe, kuma ina son in zurfafa a tarihin harsuna. Na tara kalmomi masu yawa da ke nuna cewa Hausa daga Larabci ta fito, amma a gida ana cewa fannin ba ya ciyar da mai shi. Abin yana damuna ƙwarai.

Amsa: 'Yata, guraben aikin ba su da yawa, galibinsu koyarwa ce da bincike a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, kuma sai da digiri na uku ake zama da gindi a cikinsu. Sai dai jerin kalmomin nan naki ya fi batun albashi tayar mini da hankali.

Kusan kullum sai wani ya kawo mini irinsa, wasu ma suna hawa rediyo suna yaɗa shi ba tare da sun taɓa buɗe ƙamus na wani harshen Cadi ba, wato dangin harsunan da Hausa ke cikinsu. Kamannin kalmomi ba ya tabbatar da asali. Littafi da alƙalami da ashirin zuwa tis'in duk aro ne da ya shigo ta hanyar addini da fatauci, shi ya sa ɗaya zuwa goma ba su bi sahunsu ba. Wani kamannin kuma dace ne kawai, kamar na hannu da takwararta ta Ingilishi, wato hand. Tun a 1963 masanin harshe Joseph Greenberg ya jera Hausa cikin harsunan Cadi, reshe ɗaya na babban gidan Afro-Asiya, Larabci kuwa yana wani reshen. Dangantaka akwai ta, ana jin ta a kalma irin mutu, amma ta 'yan kaka ɗaya ce mai nisa, kuma Bolanci da Ngizimanci da Angasanci sun fi Larabci kusanci da mu nesa ba kusa ba.

Hujjar da muke karɓa ita ce sauyin sauti mai bin ƙa'ida. Ki saurari Basakkwace yana cewa sabka da zamna da amre, inda Bakano ke cewa sauka da zauna da aure. Ki kuma dubi talaka da talauci, da ɓauna da jam'inta ɓakane, inda k ta koma u. Wannan raunanar baƙi a ƙarshen gaɓa ita ake kira dokar Klingenheben, da sunan masanin da ya bayyana ta, kuma da irinta masana Paul Newman da Roxana Ma suka kwatanta harsunan Cadi a 1966. Yana ba ni takaici in ga ɗalibi mai hazaƙa ya ƙarar da shekaru yana kare abin da zai rushe a zaman farko na kare kundi.

Ki mayar da jerinki bincike kan kalmomin aro da hanyoyin shigowarsu, musamman ta Barebari. Sannan ki zaɓi ƙaramin harshe ɗaya a Yobe ko Bauchi ko Filato, ki zauna da tsofaffinsa da na'urar naɗar murya, ki naɗi kalmominsu tare da karin sautinsu.