Zan iya aika sigina ta iska ba tare da lasisi ba?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya, ina haɗa ƙananan na'urori da Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni. Ina so in sa na'ura a tankin ruwa ta riƙa aiko mini da saƙo cikin ɗaki, kuma ina sha'awar haɗa ƙaramar tiransimitar FM. Abokaina sun ce tunda ƙarfin kaɗan ne ba ruwan hukuma. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka ba su faɗa maka daidai ba. Ƙarancin ƙarfi shi kaɗai ba ya halatta aiki. Abin da ake fara dubawa shi ne a kan wace mita kake aikawa. Dokar sadarwa ta iska ta 1961 ta hana amfani da na'urar aika sigina ba da izini ba, dokar 2003 kuma ta ba NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ikon kula da mitocin sadarwa da tantance na'urori. Sai dai akwai mitocin da aka sakar wa kowa, da sharaɗin kada ka dami wani, kuma idan an dame ka ba ka da wurin kai ƙara.

Mafi kwanciyar hankali shi ne 2.4 GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth suke. ESP32 ko nRF24L01, ƙananan na'urorin aika saƙo a wannan mita, za su yi maka aikin tanki. Amma nRF24L01 yana da tasha daga 0 zuwa 125, waɗanda suka wuce 83 kuma sun fita daga iyakar 2483.5 MHz, don haka kada ka haura nan. Ka ba shi wuta 3.3V, ka liƙa kafasita 10 µF dab da ƙafafunsa, in ba haka ba zai riƙa yanke saƙo duk lokacin da ya ja wuta.

Idan bango ya yi yawa, koma 433 MHz. Filin da aka ware a yankinmu daga 433.05 ne zuwa 434.79 kawai, a nan ne ake yawan kuskure. HC-12, ƙaramar na'urar aika saƙo a wannan mita, yana farawa daga 433.4, yana hawa da tazarar 400 kHz har 473 MHz. Tashoshi 4 na farko ne kaɗai ke cikin filin. Kuma daga kamfani yana zuwa da 100 mW, ninki 10 na iyakar da Turai ta sa. Aika masa umarnin AT+C001 don ya zauna a tasha ta farko, sannan AT+P4, ƙarfin ya sauko wajen 6 mW. Yanka waya santimita 17.3 ka yi eriya miƙaƙƙiya. Eriya mai kyau ta fi ƙarin wuta kai saƙo nesa. Kada ka bar shi yana aikawa babu tsayawa, domin rimot ɗin motoci da na get suna nan wurin, za ka toshe wa maƙwabta. Saƙo ɗaya a minti ya ishi tanki.

In za ka yi odar LoRa, wata na'urar aika saƙo nesa da ƙarfi kaɗan, guji mai 915 MHz. Na Amurka ne, a nan kuwa 890 zuwa 915 hanyar da wayoyin salula ke magana da turakunsu ce. Ɗauki mai 433 ko 868.

Batun FM kuwa, shawararmu ka haƙura. Daga 87.5 zuwa 108 MHz filin gidajen rediyo ne, kuma sai da lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. Abin da ya fi damunmu ma shi ne tiransimita mai tiransisto guda ba ta tsayawa wuri ɗaya: zafi, ko batir ya yi sanyi, ko kusantar hannu, duk suna gusar da ita. Da ta haura 108 ta shiga filin jiragen sama, wanda ya kai har 137 MHz. In don koyo ne, cire eriyar ka sa resista 50 ohm a madadinta, ka ajiye rediyo kusa a kan tebur ɗaya ka saurara.

Ranar da ka fara ƙera na'urar don sayarwa, sai ka kai ta NCC ta tantance ta kafin ta shiga kasuwa.