Makin CA ba sadaka ba ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata firamare a Misau, ina koyar da lissafi a aji huɗu mai yara 87. Kowane zango nakan ba da gwaji sau uku, in cika rajista in miƙa. Abin da ke hana ni barci shi ne, yaran sun zo daga aji uku da maki mai kyau, amma da yawansu ba su iya ɗebewa mai aro ba. Da na rubuta ainihin abin da suka ci, sai hedimasta ya ce in ɗan ɗaga makin kada iyaye su yi ƙorafi. Ina tsoron haƙƙin yaran nan. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Tsoron nan naki a kan hanya yake, Allah ya saka miki da alheri.

Abin da hedimasta ya nema a wurinki shi ne cutar da nake cin karo da ita kusan duk makarantar da na shiga. An ɗauki makin CA, wato makin gwajin cikin zango, tamkar sadaka, wani ɗan taimako da malami ke yi wa yaro don ya haye. Na ga ajin da ake ba da maki goma ga wanda ya kawo tsintsiya. Na ga inda ake ba wanda ya sayo alli, da wanda ya ɗebo ruwa, da mai ladabi. Na kuma ga malamin da ya zauna a ƙarƙashin bishiya ana saura kwana biyu a rufe makaranta, ya cike gurbin gwaji uku daga kansa, alhali ko ɗaya bai ba da ba. In ka yi magana a ce maka tausayi ne. Wane irin tausayi? Da za ki kai ɗanki asibiti da zazzaɓi, mai gwajin jini ya ga cuta ya rubuta lafiya lau don kada ranki ya ɓaci, za ki yi masa godiya?

Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka shigo da gwajin cikin zango, kuma dalilin a fili yake: kada a jira jarrabawa ɗaya ta ƙarshe kafin a gane yaro ya ɓace a hanya. Mu kuma muka mayar da shi aikin cike takarda. Masu zuwa duba makarantu ma suna da nasu kason laifin. Sau da yawa rajista kawai suke buɗewa, in sun ga kowane gurbi da lamba sai su sa hannu su wuce, ba wanda zai kira yaro ɗaya ya ce zo ka yi wannan a allo. A nan Bauchi mun ga inda wannan ke kaiwa. Da aka yi gwajin karatun ƙananan azuzuwa da Hausa a Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, yaro ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu ko kalma guda ba su iya karantawa ba. Ki tambayi kanki me katin sakamakon waɗannan yara yake cewa a lokacin. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Yaron da aka yi ta ɗaga wa maki zai zauna gaban takardar WAEC ko NECO wata rana, kuma a nan ne ake fara neman wanda zai shigo masa da amsa. Satar jarrabawar da muke kuka da ita, a aji uku da huɗu ake shuka ta.

To, ga abin yi. Jimlar maki ba ta gaya miki komai, amsar da yaro ya rubuta ba daidai ba ita ce mai magana. Ɗauki 52 a ɗebe 18. Amsa 34 ce. Wanda ya rubuta 46, ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne a kowane gida, wato bai san aro ba sam. Wanda ya rubuta 44 ya yi aron, sai dai ya manta ya rage gidan goma. Wanda ya rubuta 70 tarawa ya yi, ƙila alamar ce bai gane ba. A rajista duka ukun sifili ne, amma ciwonsu daban, maganinsu ma daban. Mai 44 gyaransa bai wuce minti biyar ba. Mai 46 kuwa sai kin koma da shi kan tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga daga inda aron ke fitowa.

Kada yawan yaran ya karya miki gwiwa. Tambaya uku a ƙarshen darasi ta isa. Kowa ya rubuta a ɗan ƙyallen takarda, ki karɓa ki kasa su kashi-kashi bisa irin amsar, ba sai kin sa jan biro ba. Kashin da ya fi tudu, shi ne darasinki na gobe. In kuma fiye da rabin aji suka faɗi tambaya ɗaya, to ki sake salon koyarwar, kada ki maimaita yadda kika yi jiya.

Shi kuma hedimasta, kada ki yi sa-in-sa da shi. Ki ɗauki takardun nan ki shimfiɗa masa a tebur, ki ce: “Ranka ya daɗe, waɗannan ne ba su san aro ba. A ba ni mako uku in sake gwada su, abin da suka ci shi zan rubuta.” Ki nemi ya gayyato malamin aji uku ku duba tare, domin daga ajinsa giɓin ya taso.