Amsoshin tambayoyinku: gam na cikin kwala, tampol, da ɗigon ruwa

Tambaya daga wani tela a unguwar Zariya: Na ɗinka wa mutum kaftanin shadda mai tsada, na sa gam a kwala da bakin hannu. Wanki ɗaya kwalar ta yi bororo kamar wadda ta ƙone. Mai kaya ya ce ni na ɓata, ni kuma na ce mai wanki ne. Wa ke da laifi?

Malam, ka bar mai wanki ya sarara. Bororon nan tun a kan teburinka aka haife shi, wanki tona shi kawai ya yi.

Abin da ake kira gam, ko ƙyallen manni, abu biyu ne a haɗe: ƙyalle, da ƙananan ɗigo-ɗigon roba da aka jera a fuskarsa guda. Shafa da yatsa, ɓangaren da ka ji kaushi nan robar take. In zafi ya taɓa ta sai ta narke ta zama ruwa mai kauri, kuma dole wannan ruwan ya jiƙa zaren yadin, ya shiga tsakaninsa, sannan ya huce ya daskare a can. In bai jiƙa ba, ya zauna ne kawai a sama. Ranar ɗinki kwala za ta tsaya ƙyam, ranar wanki ta rabu.

To me ke hana ruwa jiƙa abu? Ɗiga ruwa a kan madubi mai tsabta, zai baje. Ɗiga a kan ganyen gwaza ko bayan agwagwa, zai dunƙule ya gangara. Wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, ya bayyana wannan tun 1805: ana duba kusurwar da gefen ɗigon ya yi da abin da yake kai. Ƙasa da digiri 90, ruwan yana jiƙawa. Sama da 90, yana gudu. Kakin zuma, maiƙo, da sinadarin silikon da masaƙu ke shafa wa yadi don laushi, duk suna ɗaga wannan kusurwa. Shadda kuwa ƙyallinta gaba ɗaya gyaran fuska ne, an danne ta an goge ta har ƙofofin saƙar sun kusa toshewa, in kuma rinanniya ce da aka sa wa ƙaro aka kai gidan bugu, abin ya ƙaru. Sitaci nasa sharrin daban ne: roba tana kama sitacin maimakon zare, ruwa ya zo ya wanke sitacin, gam ya bi shi.

Saboda haka kafin ka yanka, ɗauki guntun yadin ka ɗiga masa ruwa a bayansa, inda gam zai zauna. In ya shanye cikin daƙiƙa 5, da sauƙi. In ya yi minti yana kallonka, ka san akwai abu a fuskar. Ruwa ba roba ba ne, amma ɗigon nan yana faɗa maka gaskiyar da mai shago ba zai faɗa ba. Yadin auduga ko na riguna sai a jiƙa shi ya bushe kafin yanka, ya gama tsukewarsa. Shadda ba mai yarda ka wanke masa ita kafin ɗinki. Dabarar ita ce ka manna gam ɗin a kan wani farin ƙyallen auduga da aka riga aka wanke, ka yanka shi daidai siffar kwala, ka saka a ciki ka kama da ɗinki. Ko ya saki, ba a fuskar shadda zai nuna ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai fidda jika arba'in, jika sittin, ya sayi shadda, ya biya aikin wuya na kwamfuta, sannan tela ya aiki yaro kasuwa da ƴan canji ya ce "sayo mini gam, mai arha." Abin da kwala da hannuwa biyu ke ci bai kai rabin mita ba. Bambancin mai kyau da na banza a wannan ɗan guntun bai kai kuɗin shayi da burodi ba. A kan wannan ake zubar da mutuncin shago, a yi ta rantse-rantse da mai kaya ana jibin Salla. Arha ba ta ado, an faɗa tun kafin a haife mu.

Kuma jabu ya cika kasuwa, ko nan ne ko Kantin Kwari aka sayo. Sunan Vlieseline, na kamfanin Freudenberg na Jamus da ya fara yin irin wannan ƙyalle marar saƙa a 1948, ya zama sunan da ake kiran kowane farin ƙyalle mai gam da shi, har wanda bai taɓa ganin Jamus ba. Kada suna ya ruɗe ka, duba kayan. Ɗaga shi ga hasken rana: ɗigon robar su kasance a jere, girmansu ɗaya, babu inda ya yi sanƙo. Karkaɗe shi a kan baƙin ƙyalle: in farin gari na zuba, robar barbaɗa ta aka yi, rabinta zai ƙare a ƙasan shagonka. Ja shi a hankali ta tsawo da ta faɗi: wanda ya yage kamar takardar shayi ba na kwala ba ne. Warware bandir ɗin: in yana mannewa da kansa, ya sha zafi a ajiya. Ka san yadda shagon kwano yake a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ko a inuwa zafi ke wuce digiri 40. Wanda kuma aka bari a buɗe duk hunturu ƙura ta lulluɓe shi, ƙurar ce za ta shiga tsakanin roba da zare.

Sannan ba gam ɗaya ke yin kowane aiki ba, wannan ma an ƙi ji. Kwalar riga tana son saƙaƙƙe mai nauyi, wajen giram 100 zuwa sama a kowace murabba'in mita, mai robar da ke jure wanki da ruwan zafi. Boyel da leshi da yadin mata marar nauyi suna son giram 20 zuwa 40, mai ƙananan ɗigo. Yadi mai miƙewa yana son gam mai miƙewa. Na bayan aikin kwamfuta kuwa, wanda ake yagewa bayan an gama, ba don wanki aka yi shi ba, tallafi ne na ɗan lokaci. Mai sa shi a kwala ya ci amanar mai kaya.

Ko gam ya yi kyau, guga na iya kashe shi. Abu huɗu ne: zafi, lokaci, danni, hucewa. Yawancin masu sauƙi suna kamawa tsakanin digiri 120 da 150, wato alama biyu a dutsen guga na lantarki. Na kwala mai tauri yakan nemi 150 zuwa 170. Ɗora yadi, bayansa na sama, ka ɗora gam fuskar roba na ƙasa, ka rufe da siririn ƙyallen auduga. Danna da nauyin jikinka, ka ƙirga 12 zuwa 15 a hankali, ɗaga, matsa gaba yadda sabon wuri zai hau kan tsohon kaɗan. Kada ka ja dutsen kamar mai gugar wando, jan nan ke ture robar gefe guda. In ka gama ka bar shi a shimfiɗe ya huce sarai kafin ka ɗaga. Mai dutsen gawayi ba shi da ma'auni, don haka gwaji a kan guntu wajibi ne gare shi duk lokacin da ya ƙara gawayi.

Gwajin kuwa ga shi. Yanki guntu mai faɗin santimita 5, tsawo 15, ka manna amma ka bar bakinsa. In ya huce ka ɓare. Ya yi gardama, ya bar roba a ɓangarorin biyu: ya kama. Ya ɓare sumul, ɗigon na nan dunƙule suna ƙyalli: zafi bai isa ba, ko fuskar yadin ta ƙi. Robar ta ɓace ta ɓullo ta baya: zafi ya yi yawa. Wanda ya ci, jefa shi cikin wanki sau uku ka gani. Mita ɗaya ake saye a gwada kafin a sayi bandir.

Tambaya daga wata mai koyon ɗinki a Bagalam: Uwar ɗakina ta ba ni boyel na wata amarya in sa gam a wuya, sai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli suka fito ta fuska. Ban faɗa mata ba tukuna, ko barci ban yi ba.

Ɗiyata, kwantar da hankalinki, babu telan da hannunsa bai taɓa yin wannan ba. Robar ta narke fiye da kima ta ratsa boyel ɗin, don saƙarsa a buɗe take, gam ɗin kuma mai manyan ɗigo ne. Rabin laifin na wanda ya miƙa miki gam mai nauyi ne. Ki shimfiɗa farar takarda marar rubutu a kan wurin, ki danna da dutse mai matsakaicin zafi, ki ɗaga takardar tun da ɗuminta, ki sake da sabuwa. Wani sashe zai biyo takardar. Ba na yi miki alkawarin zai fita duka. Ki faɗa wa uwar ɗakinki yau, tun akwai sauran yadi da za a sake yanka wuyan, ko a rufe wurin da ado. In kika bari sai ranar karɓa, ƙaramin abu ya zama babba.

Tambaya: Tun da kalanzir ya fi ruwa bajewa, in na shafa kaɗan a shadda kafin in sa gam, ba zai fi kamawa ba?

A'a. Maiƙo za ka shimfiɗa tsakanin roba da zare, ga tabo, ga wari, ga kalanzir kusa da garwashi. Wanda ya ba ka wannan shawara kada ka sake tambayarsa komai.

Tambaya daga wani mai sayen aya da wake: Zan sayi tampol na rufe buhuna kafin damina. Mai shago ya watsa ruwa a kai ya gangare, ya ce shi ke nan shaida. In saya?

Alhaji, wasan yara ya yi maka. Gangarewar ruwa shaida ce ta gyaran fuska kawai, ba ta nuna ko ruwan da ya kwanta zai ratsa. Ka sa a kama kusurwa huɗu a yi kwari, a zuba lita biyu, a bari awa guda, kuma kwarin ya faɗa kan ɗinki ko mahaɗi, don ta nan yoyo ke farawa. Tampol iri uku ne a kasuwa. Shuɗin nan na leda saƙaƙƙe ba ya da nauyi, ba ya da tsada, rana ce ke cinye shi. Mai rufin roba mai kauri irin na manyan motoci ba ya yoyo, amma ba ya numfashi, hatsin da bai bushe sarai ba zai yi gumi a ƙarƙashinsa ya yi fumfuna. Na zaren auduga yana numfashi, zarensa na kumbura in ya jiƙe ya toshe ƙofofi, sai dai duk inda buhu ya taɓa shi ta ciki nan ruwa zai bi. Kowanne ka saya, ka ɗora buhuna kan katako, ka yi wa rufin tudu a tsakiya don kada ruwa ya kwanta. Na audugar kuma kada a wanke shi da omo. A ma'aunin masana ƙarfin da ke dunƙule ruwa 72 ne, sabulu na sauko da shi wajen 30, kuma ragowar sabulun da ta maƙale a zare za ta riƙa jawo ruwan sama ciki. Buroshi da ruwa zalla sun isa.

Tambaya daga wani mai lambu a Jiratawa: In na fesa magani a kabeji da albasa sai ya gangare ƙasa. An ce in zuba omo a ciki.

Ganyen su biyun kaki gare shi, shi ya sa. Tunanin daidai ne, kayan ne ba daidai ba: omo na da kaifi irin na toka, yana iya ƙona ganye, yana kuma raunana wasu magungunan. Ka fara karanta takardar maganin, da yawa an riga an haɗa su da abin bajewa. In babu, nemi mai sa magani ya kama ganye a shagon kayan noma, ka bi awon da aka rubuta. Kada ka ƙara don son kai, in ya yi yawa ruwan zai baje har ya zube ta bakin ganye, ka koma gidan jiya. Fesa da sassafe ko da yamma, da bakin fanfo mai fidda ƙananan ɗigo, ka tsaya da zarar ganye ya jiƙe kafin ya fara ɗiga.