Na ga labarin da ɗiyata ke rubutawa a ɓoye, hankalina ya tashi

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Ɗiyata ta fari shekararta 15, tana aji ɗaya na babbar sakandare. Ina neman rasit ɗin kuɗin makaranta a jakarta sai na ga wani littafin rubutu da ta naɗe cikin tsohon hijabi. Na ɗauka darasi ne, ashe labari take rubutawa, har ya kusa cika.

Labarin wata yarinya ne da ke gida cike da mutane amma ba mai kula da ita. In an kwashe tuwo ana kiran ƙannenta da sunansu, ita sai a ce "ke, zo ki ɗauka." Da dare in zafi ya kori kowa tsakar gida, an yi barci, ita tana kan tabarma ido biyu tana zance da zuciyarta. A wani shafi yarinyar tana cewa da ma ta kwanta kada ta farka, ta ga ko uwarta za ta ambaci sunanta wurin kuka.

Anti, ni ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, haka aka yi mini, haka na tashi na gani. Allah ya sani ba ƙiyayya ba ce. Kuma tun bayan ƙaramar salla ta canza: abinci sai ta tsakura, ta daina zuwa wurin ƙawayenta, malamar Islamiyya ta aiko cewa hadda ta gagare ta. Yayata ta ce littattafan da ake turawa a WhatsApp ne suka lalata ta, in ƙone littafin in kai ta ruƙiyya. Mahaifinta bai sani ba. Mai zafi ne, waya zai fara ƙwacewa, ƙila har da duka. Na mayar da littafin inda yake. Ya zan yi?

Uwa cikin damuwa, Sakkwato

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah kada ki ƙone littafin nan. Yarinyar da baki ya yi wa nauyi ta samu hanyar faɗin abin da ke cinta, in kika toshe wannan hanyar ba damuwar kika kashe ba, kunnenki kika toshe.

Ba duk abin da marubuci ya sa a bakin tauraruwarsa ba ne ya faru da shi. Yara masu baiwa kan ɗauki ƙaramin ciwo su faɗaɗa shi, su ara daga labarin ƙawa, su ƙara da nasu hasashe. Kuma zuba baƙin ciki a takarda ba baƙon abu ba ne a garinku. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, a waƙe 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi kukansa, ba wanda ya ce ta lalace. Da rubutun ne kaɗai, da na ce ki saya mata sabon littafi da biro.

Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne rubutun ya zo tare da rashin cin abinci, da guje wa ƙawaye, da haddar da ta ƙi zama. In irin waɗannan alamu suka wuce mako biyu, likitoci na zargin ciwon damuwa, kuma naku ya daɗe da wuce haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ana warkewa.

Ki nemi lokacin da gida ya yi shiru, ki kira ta ɗaki ta taya ki tsince shinkafa ko ki kwance mata kitso, don yara sun fi sakin baki in ba ido cikin ido ba. Ki faɗa mata gaskiya cewa kin ga littafin, kin karanta. Za ta iya yin fushi ko kuka, ki ƙyale ta. Ki yaba rubutun, don wadda ta iya sa uwarta hawaye da biro ta iya. Sannan ki tambaye ta labarin yarinyar: me take so uwarta ta yi mata? Sau da yawa abin da yaro ba zai faɗa da "ni" ba yakan faɗa da "ita". Daga nan ki tambaya kai tsaye ko ita ma tana jin gara ta mutu. Na san da nauyi, amma tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ta ce e, ko ta yi shiru ta sunkuyar da kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin cutarwa daga inda hannunta zai kai, a tafi asibiti ranar. Akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ko ta ce a'a, ki kai ta likita ya duba. Addu'a kuwa a dage da ita, ba ta hana zuwa asibiti.

Batun alkunya, ba zan ce kin yi laifi ba. Iyayenmu sun yi ta, sai dai a da 'yar fari tana da kaka ko gwaggo da ke rungumarta a madadin uwa. In taki ba ta da wannan, shirunki kaɗai take ji. In sunan ya yi miki nauyi, ki raɗa mata laƙabi naki ke kaɗai, ki riƙa kiranta da shi gaban ƙannenta.

Mahaifinta dole ya sani, amma bayan kun yi magana da ita, kuma kada ki miƙa masa littafin. Ki ce masa yarinya ba ta da lafiya, tana buƙatar likita. In kina tsoron zafinsa, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna tare da ku. Ki rubuto mini yadda kuka yi da ita. Allah ya ba ta lafiya.