Kurege mai tashi ne ke cin mangwaron garkata?

Wani dattijo mai garka a bakin kogi a Yamai ya aiko da saƙo hankali tashe. Ya ce wani abu na shigar masa mangwaro da dare, da safe ya tarar da ƴaƴan a gaigaye. Jikansa ya nuna masa kurege mai tashi a waya, shi ma da idonsa ya ga abu na shawagi tsakanin itatuwa bayan magariba. Yana tambaya wace guba zai saya.

Baba, don Allah mayar da kuɗinka aljihu. Kuregen nan akwai shi, amma ba ya ƙasarmu. Irinsa ya kai wajen 50, mafi yawa a dazuzzukan Asiya, uku a Amurka ta Arewa, ɗaya kuma ya bazu daga Siberiya har Finland. Ba tashi yake yi irin na tsuntsu ba. Wata fata Allah ya yi masa daga wuyan hannu zuwa idon sawu, kowane gefe. Sai ya hau ƙololuwar itace, ya daka tsalle, ya ware hannu da ƙafa, fatar ta baje kamar zanen da iska ta kama, ya sulalo zuwa wani itacen. Kullum gangarowa yake, ba ya iya yin sama. Da hannuwa da wutsiya yake juya akala, in ya kusa isa ya ɗaga ƙirji ya rage gudu, ya dafe gindin itace da ƙafa huɗu. Manyan na Asiya kan wuce mita 100 a tsalle guda. Da dare yake kiwo, shi ya sa idanunsa dara-dara, da rana yana kwance a kogon itace. A kurmin Kamaru da Gabon akwai wata dabba mai irin wannan fata, da ɓawo a ƙarƙashin wutsiya wanda take dogara itace da shi, sai dai ita ba dangin kurege ba ce. Dukansu rayuwarsu na ga dogayen itatuwa masu haɗa kai da juna. Me irin wannan zai yi a inda tsakanin gawo da gawo sai ka yi tafiya?

Abin da ka gani jemage ne. Duba ƙarƙashin itacen gobe da safe: za ka ga tuƙa a zube, domin jemage tauna yake ya tsotse ruwa ya tofar. Maganinsa ka riga shi. Mangwaro da ya ƙosa ka tsinke, ya nuna a ɗaki. Na ƙasa-ƙasa masu kyau ka sa musu jakar takarda ko yadi. Kada ka sa guba a ɗan itacen da yara za su tsinta, ina roƙonka. Kuma jemagen nan shi ke bi furen kuka da dare har ta yi ƴaƴa.

Daga yankin Tawa wani ya rubuto cewa kurege na tone masa irin gyaɗa kwana biyu da shuka, ya zuba maganin ɓera sau uku, har kajinsa sun mutu.

Malam, wannan kam kuregenmu ne na ƙasa, mai farin layi a gefe, kuma na gaji da jin labarin nan duk damina. Guba a fili ba ta zaɓe. Kaza ta ci, kare ya ci gawa, mujiya da shaho da ke rage maka ɓeraye su ma su tafi, kuregen kuwa na nan cikin raminsa. Da rana yake fita, don haka ganinsa ba wuya. Bi gefen gona, gindin shinge da tsohon suri, ka nemo ramin da ƙasar bakinsa sabuwa ce. Kafa tarko a nan da gyaɗa soyayya, ka duba safe da yamma. Share ciyawa da tarin ƙaya na kan iyaka. Kwanakin farko, kafin tsiro ya yi ƙarfi, a samu mai gadi da hantsi da la'asar. In ka shawo kan maƙwabta kuka yi shuka tare, ɓarnar za ta rabu, ba za ta taru a kanka kai kaɗai ba.

Mai albasa daga Galmi da ke kukan ruɓa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa: yanke ban ruwa kamar sati biyu kafin cira, ka bar wuyanta ya bushe sarai, kuma ka daina zuba takin zamani bayan ta fara kai.